Wa Ya Kai Ka Dandali?

Daga Auta zuwa ga Yayanta

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ina gaida Inna da ciwon ƙafa, da Antina matarka da yara. Dogo direba ne zai miƙa maka wannan takarda hannu da hannu, tunda ka hana ni faɗin komai a waya in ban da "ya gida". Na san za ka ce Auta ba ta rubutu sai da buƙata. To, ka canka daidai.

Jami'a ta amince da abin da zan yi binciken digirina na uku a kai. Ina so in gano su wane ne suka fito zanga-zangar nan ta shekara biyu da suka wuce, lokacin da gwamnati ta ɗage zaɓe karo na uku, kuka zauna kwana goma sha tara a dandali kafin sojoji su tarwatsa ku. Rediyon gwamnati ya ce zauna-gari-banza ne da aka saya. Jaridun waje sun ce ɗalibai ne masu manyan wayoyi. Ni kuwa na san kai ba ɗalibi ba ne, rabonka da aji tun ina goye, kuma da an saye ka da ka gyara rufin shagon nan naka mai yoyo. Kowa ya yi magana a kanku, amma ba wanda ya zauna ya tambaye ku.

Ina buƙatar mutum kamar ɗari biyu. Ni idan na shiga unguwa da jaka da biro, kowa zai ce ba ya gari a ranar. Kai kuwa babu shagon tela ko gidan da ke da keken ɗinki da ba ka shiga gyara ba, kuma sun gan ka a dandali da idonsu. Idan ka ce musu ƙanwarka ce, za su buɗe baki.

Ga alkawarin da za ka yi musu da sunana: ba sunan kowa da zai fito. Lamba zan ba kowa. Littafi ɗaya tak ne zai haɗa lamba da suna, kuma a kabad ɗin ƙarfe na ofishin Farfesa, malamin da ke duba aikina, za a kulle shi. Kwamitin jami'a ya buga hatimi a kan haka.

Ka yi tunani, amma kada ka daɗe.

Ƙanwarka,
Auta

Daga Yaya zuwa ga Auta

Dakta marar allura,

Wa'alaikumus salam. Kowa lafiya. Inna ta ce kin rame a hoton da kika aiko, ki daina cin takarda. Ki yi haƙuri da tabon mai, a kan bencin shago nake rubutu.

Na karanta takardarki sau biyu, na ninke ta na sa a ƙarƙashin akwatin sukurori, na yi kwana huɗu ban taɓa ta ba. Auta, bakin rijiya ba wajen wasan makaho ba ne. Ke kina can cikin littattafai, ba ki san yadda garin nan ya koma ba. Dandalin an kewaye shi da waya, an shuka furanni, ana ba su ruwa safe da yamma alhali famfonmu ya shekara a bushe. Ba mai ambatar abin da ya faru. Tela Gajere da ya rasa ɗansa a ranar ƙarshe, ko ni da muka ɗauko gawar tare, in na shiga shagonsa hirar zare muke yi.

Niyyata in ce miki a'a. Sai ranar Laraba na je gidan Ungozoma gyara mata kekenta. Kin tuna ta, ita ta karɓi haihuwarki, kuma ita ce ta riƙa ɗaure wa mutane rauni a dandali da zanenta. Na ba ta labari don ta taya ni yi miki dariya. Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ka ce ta zo ta rubuta. In ba a rubuta ba, jikokinmu abin da rediyo ya faɗa za su riƙe, su ce kakanninsu 'yan iska ne aka ba su kuɗin sigari."

Na ce mata ina jin tsoro. Ta ce ita ma, sai me.

Don haka ki zo. Zan kai ki gida-gida. Amma ki sani, su ba su san wani Farfesa ba, ba su san hatimi ba. Ni suka sani. Fuskata ce za ki shiga da ita, ki fito mini da ita yadda na ba ki.

Ki zo da takalmi mai ƙwari, ba wannan mai tsini ba.

Yayanki

Daga Auta zuwa ga Yayanta

Yayana,

Gaisuwa mai tarin yawa. Na iso lafiya, ƙafafuna har yanzu suna tsami. Wata uku kana rufe shago da rana kana yawo da ni, ban san bakin da zan gode maka da shi ba.

Na ƙirga, mutum ɗari da tamanin da bakwai na yi hira da su. Sati biyu ke nan ina zaune a ƙasan ɗakina da takardu a baje, kuma abin da nake gani ya hana ni zama wuri ɗaya. Ɗalibai ba su kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Waɗanda ba su da komai ma ba su ne suka fi yawa ba, su ba su da halin barin neman abin da za su ci a ranar. Mafi yawa irinka ne, masu ɗan shago, masu ɗan aiki, masu iyali, mutanen da ke da abin da za su rasa. Mata sun kusa rabi, abin da ba jaridar da ta ambata. Bakwai cikin goma ba su taɓa riƙe katin jam'iyya ba.

Amma abin da ya fi komai shi ne tambaya ta tara, wadda ka riƙa yi mini tsiya a kanta: wa ya kai ka dandali? Kusan kowa yana jin haushin gwamnati, har waɗanda suka zauna a gida. Haushi ba shi ke fitar da mutum ba. Abin da ke fitar da shi, wani da yake jin kunyarsa ya tsaya a ƙofar gidansa ya ce taso. Tela ya je ne don ya jawo kunnen ɗansa ya dawo gida cin abinci, ya ɓuge da kwana goma sha biyu. Tsohon Hedimasta ya je ne don Ungozoma ta aike shi ya kai mata tulun ruwa, ya ce shi fa ba ya siyasa, ya ƙare yana koya wa matasa yadda ake rubuta allo ba kuskure.

Na manna babbar takarda a bango, na yi wa kowa ɗigo da lambarsa, na ja layi daga kowa zuwa wanda ya kai shi. Sai ga abu kamar saƙar gizo-gizo. Mutum goma sha ɗaya kacal ne suka riƙe kusan dukan zaren, kuma ba ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa riƙe lasifika. Ungozoma ita kaɗai ta kai mutum ashirin da uku. Kai sha tara, kai da ka ce mini ƙafarka ce ta kai ka.

Farfesa ya tsaya gaban zanen ya fi minti goma, sannan ya ce wannan aiki zai yi suna. Ya karɓi kwafi ya haɗa da littafin sunaye a kabad.

Abu ɗaya ke damuna. Kowa na tambaya wa ya kai shi, Ungozoma kaɗai ta mayar mini da tambaya, ta ce ni ina nake a lokacin. Na ce ina ɗakin karatu, ina da jarrabawa. Ta ce Allah ya ba da sa'a. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

A gaida kowa da kowa.

Auta

Daga Yaya zuwa ga Auta

Auta,

Bayan gaisuwa. Inna lafiya. Ban da lokacin dogon zance, Dogo yana jira da mota a kunne.

An tafi da Tela Gajere ranar Asabar da hantsi. Mutum uku cikin farar mota marar lamba, ya bar wando a ƙarƙashin allura. Muka ce wataƙila tsohon zancen ɗansa ne. Ranar Litinin aka ɗauki mai kemis na bakin kasuwa. Ranar Alhamis Ungozoma, a ƙofar asibiti, da jakar aikinta a hannu. Jiya mai facin taya da Tsohon Hedimasta, mutumin da sai an riƙe shi yake hawa matakala.

Shekara biyu da rabi ba wanda ya taɓa waɗannan mutane. Waɗanda aka kama a da, masu hawa mota ne suna jawabi. Waɗannan kuwa ba wanda ya san rawar da suka taka sai mu da muke wurin.

Matar mai kemis ta samu ganinsa na minti biyar. Ya ce mata ba su tambaye shi ko ya je dandali ba. Sunayen mutum takwas da ya kai suka karanta masa, ɗaya bayan ɗaya, har da surukinsa da ko matarsa ba ta san ya je ba. Ya ce mutum ɗaya ya taɓa faɗa wa wannan a duniya.

Ba na zarginki. Tambaya nake yi. Ina littafin nan?

Yayanki

Daga Auta zuwa ga Farfesa

Allah ya gafarta Malam,

Ina gaisuwa tare da fatan Malam yana lafiya. Sau uku na zo ofis cikin makon nan, sakatare yana cewa kana taro, shi ya sa na rubuto.

Ana kama mutanen da na yi hira da su, kuma waɗanda ke tsakiyar zanena ake bi. Kwamfutata tana hannuna, babu suna ko ɗaya a cikinta. Wuri ɗaya ne a duniya da lamba da suna suke tare.

Malam zai tuna ranar da na gama shigar da bayanai na roƙa a bar ni in ƙone littafin, Malam ya ce ƙa'idar kwamiti ita ce a ajiye shi shekara biyar, don masu jarrabawa su iya tabbatar da cewa ban ƙirƙiri mutanen ba. Na bi ƙa'ida.

Ina roƙon a buɗe kabad ɗin a gabana gobe in gan shi da idona.

Ɗalibarka mai biyayya

Daga Farfesa zuwa ga Auta

Malama,

Na samu wasiƙarki. Ina sanar da ke cewa makonni bakwai da suka wuce wasu jami'ai biyu, tare da rakiyar wakilin hukumar jami'a, sun gabatar da takardar izini ta duba wasu kayan bincike na wannan sashe. A matsayina na ma'aikaci ban da hurumin hana su. An karɓi littafi ɗaya da zane ɗaya, an kuma ba da takardar shaidar karɓa, tana cikin fayil. An umarce ni da kada in sanar da kowa. Ina ba ki shawarar ki dakatar da duk wata hulɗa da waɗanda kika yi hira da su har sai hali ya yi.

Shugaban Sashe

Wannan na ƙara da hannuna, ba ya cikin kwafin da ke fayil. 'Yata, ba su daka mini tsawa ba. Ɗayansu ɗalibina ne a da, har ya rusuna ya gaishe ni. Ya tambayi lafiyar ɗiyata da ke karatun likita, ya faɗi lambar ɗakinta a masaukin ɗalibai, ya ce unguwar ba ta da tsaro sosai. Makullin yana aljihuna. Da na ce ya ɓace, da sun fasa kabad ɗin, da ko ba komai na ce fasawa aka yi. Ni na buɗe da hannuna.

Shekara talatin ina koya wa ɗalibai cewa amanar wanda ka yi hira da shi ta fi digirinka. Mako bakwai ina hango ki a baranda ina canza hanya. Da na gaya miki a ranar, da wasu sun samu sun gudu. Na san wannan, ba sai kin faɗa mini ba.

Ba na neman ki yafe. Ki ƙone wannan takarda.

Daga Auta zuwa ga Yayanta

Yaya,

Ina gaishe ka, in har gaisuwata tana da sauran daraja a wurinka.

Littafin yana hannunsu, da zanen. Tun mako bakwai. Ga wasiƙar Farfesa na haɗo maka, ya ce in ƙone ta, ni kuwa na gama bin abin da ya ce.

Na je na same shi duk da haka. Na tanadi maganganu tun daga gida, na shiga na tarar da tsoho yana ƙoƙarin zuba ruwa a kofi yana zubarwa a tebur. Na tsaya na kalle shi na fito. Wa zan zaga? Shi ya buɗe kabad, amma ni na cika shi. Ni na zauna a tabarmar mutane ina murmushi ina cewa ba abin da zai faru. Abin da jami'an tsaro suka kasa haɗawa cikin shekara biyu da duka da barazana, ni na haɗa musu shi cikin wata uku da "sannu Baba" da "na gode Mama", har na ja musu layi da rula.

Ga jerin lambobi goma sha ɗaya na tsakiya a bayan wannan takarda, na rubuta sana'ar kowa don ka gane. An ɗauki biyar. Saura shida, kai ne na farkonsu. Ka gaya wa biyar ɗin su bar gari yau, ba gobe ba. Sannan ka gaya wa duk wanda za ka iya kaiwa gare shi.

Kai ma ka tafi. Na yi magana da Dogo, zai ɗauke ku da Antina da yara da Inna ya kai ku wurin Kawu, daga can a san abin yi. Don Allah kada ka yi mini taurin kan nan naka. In aka kama ka ban san yadda zan kalli Inna ba.

Ƙanwarka

Daga Yaya zuwa ga Auta

Auta,

Na amsa gaisuwarki. Ke ƙanwata ce jiya, ke ce yau. Wannan ba ya cikin abin da aka ɗauka a kabad.

Na yi abin da kika ce. Kwana shida ina bin gidajen da muka bi tare, ƙofa-ƙofa. Wasu sun saurara sun koma ciki. Wata ta watso mini ruwan wanke-wanke. Makaniken bayan tasha ya tafi a ranar, an tare shi a hanya. Biyu sun tsira, ban san inda suke ba kuma ba na son in sani. Mai gidan burodi ya ce ina zai je da 'ya'ya tara, ya zauna a bakin tanda yana jira, ranar Talata suka zo. Yanzu waɗanda aka ɗauka sun kai talatin da ɗaya, don sun gama da na tsakiya sun shiga na gefe.

Ni kuwa ga ni. Kullum ina buɗe shago da ƙaramar jaka a ƙarƙashin benci, da sabulu da riga biyu. Farar motar tana wucewa ta gaban shagon a hankali. Shekaranjiya direbanta ya ɗaga mini hannu kamar tsohon aboki, a gaban kowa.

Kin gane abin da hakan ke nufi? Ana ta ɗaukar waɗanda na kai ki gidajensu, ni kuwa an bar ni. Mutane ba su da wauta, sun iya lissafi. Na nuna wasiƙar Farfesanki, suka ce takarda ai ko yaro zai rubuta. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Ba wanda ke zagin gwamnati a unguwar nan yanzu, ni ake zagi, don ni ne ake iya zagi a kwana lafiya.

Duk wanda ke da keke a shagona ya zo ya ɗauki abinsa, wani a kwance ba a haɗa ba, sukurori a leda. In na yi sallama a majalisa sai zance ya mutu. Yara sun dawo daga makaranta suna tambayar uwarsu mene ne ɗan leƙen asiri. Matar Tela, wadda na ɗauko mata gawar ɗanta a kafaɗata, ta tsaya a ƙofar shago ta ce, "Nawa suka ba ka a kan kowane kai?" Baƙin cikinta ya fi nawa, na bar mata.

Inna ta ji a bakin mata. Ba ta tambaye ni ba, ta dai daina zama a ƙofar gida.

Ba zan tafi wurin Kawu ba. In na gudu na sa hannu a kan abin da suke faɗa, kuma 'ya'yana za su gaji sunan. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ni na ce musu ki shigo.

Abin da ya fi ci mini rai ba zagin ba ne. A da, ko a cikin tsoro, in ka haɗa ido da wanda kuka kwana a dandali akwai abin da kuke faɗa wa juna ba da baki ba. Yanzu ya tafi. Ko gobe aka soke zaɓe har abada, ba wanda zai ƙwanƙwasa ƙofar wani a unguwar nan, in ma ya ƙwanƙwasa ba za a buɗe ba. Ki sa wannan a littafinki in da sauran wuri.

Ki ci abinci. Kada ki zo.

Yayanki

Daga Auta zuwa ga Yayanta

Yayana,

Ina gaisuwa. Za ka yi fushi da abin da na yi, amma na riga na yi.

Na fara da lauya. Ya ce ba a tuhumi kowa ba, ba a rubuta an kama kowa ba, don haka ba abin da zai kai kotu. Na je wurin wani ɗan jarida, ya saurare ni da kyau, ya raka ni har bakin titi ya roƙe ni kada in sake zuwa. Jami'a ta aiko mini da takarda cewa an dakatar da aikina saboda ya shafi tsaron ƙasa.

Ranar Litinin da safe na kai kaina ofishin jami'an tsaro. Na ce ni ce mai littafin, a kama ni a saki mutane. Na zauna a benci awa huɗu, sannan aka shigar da ni wurin wani mai furfura, mai fara'a, da tabarau a rataye a wuya. Ya sa aka kawo mini ruwan sanyi.

Yaya, zanena yana bangon ofishinsa. Sun buga shi ya ninka nawa girma, sun rubuta suna a ƙarƙashin kowane ɗigo, sun soke waɗanda aka ɗauka da jan biro. Ya ce jami'a ta miƙa musu babina na huɗu, ya karanta shi sau biyu, kuma bai taɓa ganin aiki mai tsabta irinsa ba. Ya ce shekara da shekaru suna kama masu surutu a lasifika, washegari wasu su hau. Ya ce, "Ke kika nuna mana ba mai magana ake cirewa ba, mai ƙwanƙwasa ƙofa ake cirewa."

Na tambaye shi yaushe za a sake su. Ya ce in an gama zaɓe. Na ce yaushe ne zaɓen. Ya yi murmushi ya gyara takardun gabansa.

Ɗigonka yana nan tsakiya ba a soke shi ba. Na nuna shi na ce wannan fa. Ya ce, "Yayanki yana yi mana aiki a inda yake, ba tare da ya sani ba. In muka ɗauke shi ya zama gwarzo. A shagonsa ya fi amfani."

Na ce to ni a kama ni. Ya ce a kan wane laifi, ai ni na taimaki ƙasa. Har ya ce in na gaji da zaman banza suna neman masu irin ilimina. Ya raka ni ƙofa da kansa.

Na rubuta maka maganarsa kalma da kalma don ka karanta wa matar Tela da sauran. Wataƙila su yarda, wataƙila su ce wata takardar ce. Ita kaɗai ce abin da ya rage a hannuna.

Na ɗauka in aka san gaskiyar su wane ne ku, wani abu zai gyaru. An sani yanzu. Mutum ɗaya ne ya karanta aikina da zuciya ɗaya, kuma ka ji ko wane ne.

Ka gaida Inna, in tana amsa gaisuwata.

Auta

Daga matar Yaya zuwa ga Auta

Auta,

Salamu alaikum. Ni ce Antinki, ki yi haƙuri da rubutuna.

Yayanki ya karanta takardarki bai nuna wa kowa ba. Ranar Alhamis da azahar ya sa farar rigarsa ya tafi dandali shi kaɗai. Ya tsaya a jikin waya yana kiran sunayen waɗanda aka ɗauka da ƙarfi, in ya kai ƙarshe ya koma farko. Mutane suna wucewa, ba wanda ya tsaya. An ce ya yi kusan awa biyu har muryarsa ta dushe, sannan motar ta zo. Ba mu san inda yake ba. Ya manta jakarsa a shago.

Na gaya wa Inna. Ta ce to.

An saki Tsohon Hedimasta, ba ya gane kowa. Ba labarin Ungozoma.

Jiya matar Tela ta shigo ta yi mini sannu, ta zauna har la'asar. Yau da safe na buɗe ƙofa na tarar an ajiye kekunan ɗinki uku na gyara a bakin shago. Na shigar da su ciki don kada ruwa ya taɓa su.

Kada ki zo tukuna. Allah ya sa mu gana.

Antinki